Jirgin da Ya Nutse a Hanyar Zuwa Kasuwarmu

Mu mutanen Kibiya da Rano ba 'yan ruwa ba ne. Duwatsu muka sani, da rafukan da ke cika da damina su ƙafe da rani. Kafin a gama madatsar Tiga a 1974, da yawa cikin iyayenmu ba su taɓa ganin ruwan da ido ba ya kai wa ƙarshensa ba, har yanzu kuma in an ce jirgin ruwa, kwale-kwalen masunta ne ke faɗo mana a rai. Amma akwai wani jirgin 'yan kasuwar Ingila da labarinsa ya shafe mu kai tsaye, ko da yake bai taɓa kusantar ƙasar Kano ba. Sunansa Dayspring, wato hudowar alfijir. Ya baro Liverpool a 1857, masu shi na hararar kasuwannin Kano da Sakkwato, ya daki dutse a Kogin Kwara kusa da Jebba, ya nutse.

Sai mu fara da abin da ya jawo shi. A watan Fabrairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano da yawun gwamnatin Ingila. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufa. Ya ƙiyasta cewa saƙi da rinannun tufafin da ake fitarwa daga Kano a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Timbuktu da Gat da Tarabulus. Ba a cikin birni kaɗai ake wannan aiki ba. Audugar daga gonakin ƙauye take, matanmu ne ke kaɗi, karofin Kura da na ƙasar Rano ne ke rini, kuma ba banza ba tarihin Hausa Bakwai ya kira Kano da Rano sarakunan baba. Ga mai masaƙa a Manchester, wannan labari na nufin akwai miliyoyin mutane masu son sutura, masu abin saye, waɗanda hajarsa ba ta isa gare su sai a bayan raƙumi ta hamada, bayan ta bi hannun Larabawa an ɗora mata riba kashi-kashi. Ruwa ya fi raƙumi arha. Tun 1830 kuwa Richard Lander da ƙanensa John suka tabbatar cewa Kwara a teku yake zuba.

Mutumin da ya sa dukiyarsa da rayuwarsa a wannan buri shi ne Macgregor Laird, ɗan gidan maƙera jirage na Birkenhead, tsallaken kogi daga Liverpool. A 1832 shi da Lander suka shigo Kwara da jirage biyu masu tururi. Sunayensu kawai sun isa su nuna inda aka nufa: ɗaya Quorra, wato Kwara, ɗayan kuma Alburkah, wato albarka. Albarkar ba ta samu ba. Cikin Turawa 48, tara ne suka koma gida. A 1841 gwamnati ta turo nata jiragen guda uku, zazzaɓi ya kashe fiye da mutum 40 cikin Turawa 145. Sai a 1854, da Laird ya gina Pleiad, wani likitan sojan ruwa mai suna William Balfour Baikie ya tilasta wa mutanensa shan kwinin kullum, suka hau Binuwai suka dawo ba a rasa ko mutum ɗaya ba. Wannan ɗacin maganin shi ya buɗe kogin, fiye da duk wani inji.

Da ganin haka gwamnatin Ingila ta ƙulla yarjejeniya da Laird a farkon 1857: zai riƙa tura jirgi Kwara har shekara biyar, ita kuma tana ba shi tallafi, fam 8,000 a shekarar farko, yana raguwa duk shekara. Dayspring ne ɗan fari a wannan yarjejeniya. Ƙaramin jirgi ne na ƙarfe, nauyinsa bai kai tan 80 ba. Yana da dogayen sanduna da ake ɗaura wa manyan ƙyallaye iska ta tura shi, yana kuma da ɗan injin tururi mai juya farfela a baya. A wancan zamani haka ake yi, domin ƙaramin jirgi ba zai iya ɗaukar gawayin da zai ƙetare teku da shi ba. A teku iska, a kogi itace. Tare da shi akwai wani jirgin mai suna George, wanda ba shi da inji sam, shi ne rumbun hajar, Dayspring na jan sa a baya kamar yadda jaki ke jan amalanke.

Mutanen cikinsa kuwa tarkace ne masu buri daban-daban, kuma wannan ya jawo saɓani tun kafin a yi nisa. Kyaftin Alexander Grant ma'aikacin Laird ne, shi manja da hauren giwa da man kaɗe ne a gabansa. Baikie na gwamnati ne, yana son ƙulla amana da sarakuna ya kai gaisuwa ga Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Akwai wani matashin hafsan sojan ruwa, John Hawley Glover, aikinsa auna zurfin kogi da zana taswira. Mai karatu ya riƙe sunansa. Akwai Charles Barter mai tattara tsirrai. Akwai Samuel Ajayi Crowther, Bayarben da aka kama bawa yana yaro aka 'yanta shi a Saliyo, yana neman wuraren kafa mishan. Mafi yawan mutanen jirgin ma baƙaƙe ne: matuƙa daga gaɓar Laberiya, masu hura wuta, da tafintoci daga Saliyo, 'yantattun bayi masu jin Hausa da Nufanci da Yarbanci da Ibo, cikinsu har da Musulmi masu karatun Larabci. Ba don su ba, ko kaza Turawan ba za su iya saye ba.

A ƙarshen Yuni suka bar tsibirin Fernando Po. A ƙarshen Yuli suka kai Anacha, aka kafa shago da mishan. A mahaɗar Kwara da Binuwai aka bar George da haja, Dayspring ya ci gaba shi kaɗai. A watan Satumba suka shiga Kogin Kaduna, suka sauka suka tafi Bida, wadda a lokacin sansanin yaƙi ce kawai. Ba a daɗe da karya Umaru Bahaushe ba, wani jarumi da ya ƙwace mulkin Nufe na 'yan shekaru, 'ya'yan Malam Dendo, Usman Zaki da Masaba, suna sake kafa ikonsu. Sun karɓi baƙin da fara'a. Daga nan jirgin ya wuce Raba, tsohon babban birnin da yaƙin basasa ya rusa, amma har lokacin nan ne mashigin da fataken Hausa ke ƙetare Kwara da jakunansu da kanwa da dawaki zuwa Ilori.

Shawarar da ta fi hankali ita ce a tsaya a Raba a hau dawaki zuwa Sakkwato. Amma ruwa ya cika, ga Glover na son ya ƙara taswira, ga Busa can gaba inda Mungo Park ya halaka a 1806, wurin da kowane Bature mai yawon kogi ke son ya ce ya gani. Suka ci gaba.

Sama da Jebba kaɗan, kogin na rabuwa tsakanin tsibirai da duwatsu, a tsakiya kuma ga wani ƙaton dutse tsaye cikin ruwa. Mutanen wurin na kiransa Ketsa, suna girmama iskan da suka ce yana zaune a kansa. Turawa daga baya suka sa masa suna Dutsen Juju. Ranar 7 ga Oktoba, 1857, Dayspring ya shiga ɗaya daga cikin mashigan da ke gefensa. Ruwan ƙarshen damina ne, yana gudu da ƙarfin da ya fi na injin. Igiyar ruwa ta kama goshin jirgin ta juya shi, ya faɗa kan wani dutse da ke ɓoye a ƙasa, cikinsa ya fashe, ya karkace ya fara shan ruwa. Masu kwale-kwale na wurin suka taimaka aka kwashe mutane da abin da hannu ya iya kaiwa. Ba wanda ya mutu. Kafin gari ya waye yawancin jirgin ya shige ruwa, da kayan aiki da takardu da tsirran da aka tara.

Mutanen gari ba su sha wahalar gano dalili ba. Suka ce Ketsa ba ya son jan tufa, baƙin kuwa sun zo gabansa da ja. Crowther ya yi ta musu da su a kan haka. Mu dai da muka tashi a gindin duwatsu, muka ji irin abin da ake faɗa a kan wasunsu, ba mu da bakin yi musu dariya. In aka cire iskan, abin da suke faɗa gaskiya ne: wuri ne da ba a shigarsa sai da iznin waɗanda suka san shi.

Jirgin ya yi wata biyar kacal a bakin aiki. Abin da ya biyo baya ya fi rayuwarsa tsawo nesa ba kusa ba.

Ƙyallayen da suka kawo su daga Ingila su aka fara kafawa aka yi tantuna a bakin kogi, daga baya aka yi bukkokin zana. Nan suka zauna shekara guda cur. Babu waya, babu jirgi, hajar da za su sayi abinci da ita ma kaɗan ce ta tsira. Mutanen da suka zo da niyyar wuce ƙasa ta kan ruwa, suna kallonta daga bisa jirgi, sai ga su a ƙasa suna cin tuwon dawa, suna ciniki da wuri, suna jiran yardar Sarkin Nufe kafin su motsa. Wani hafsa mai suna Daniel May ya bi hanyar fatake ta Ilori zuwa Legas ya kai labari. Wannan tafiya ta nuna musu abin da kowane madugu ya daɗe da sani, cewa daga Kwara zuwa teku akwai hanyar ƙasa mai aiki rani da damina, alhali kogi sai ruwa ya cika yake ɗaukar jirgi. Crowther ya zauna yana koyon Nufanci yana kallon ayari na ƙetarewa a Raba. Sai a Oktoban 1858 wani jirgin Laird, Sunbeam, ya iso ya kwashe su. Barter bai ga gida ba, a Raba ya rasu a 1859.

Baikie ya ƙi komawa Ingila. Da iznin Masaba, wanda ya gaji Usman Zaki a 1859, ya sauka a mahaɗar koguna biyu ya kafa zangon da ya zama Lakwaja ta yau. Ya sa riga irin tamu, ya fanshi bayi ya zaunar da su, shi ne likita shi ne alƙali, Hausa ce kuma harshen da yake harka da shi, har ya juya Zabura zuwa Hausa. A 1862 ya hau doki daga Bida, ya bi ta Zariya ya shigo ƙasar Kano ta kudu, yana neman takardun Eduard Vogel, Bajamushen da aka kashe a Wadai. Zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi ne. Wato dai shugaban tafiyar Dayspring ya iso Kano, bayan shekara biyar, ba haja, ba jirgi, baƙo kamar kowane baƙo. Laird ya riga ya rasu a 1861, cinikin kogin bai mayar masa da abin da ya zuba ba. Baikie ma ya rasu a Saliyo a ƙarshen 1864, a hanyarsa ta komawa gida.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce wani ɗan kasuwa ya yi asara, Allah ya mayar da alheri. Amma akwai Glover.

Bayan nutsewar jirgin, Glover ya yi ta zirga-zirga. Ya auna kogin har wajen Busa da ƙaramin jirgi, ya taka ƙasa tsakanin Kwara da Legas ba sau ɗaya ba. A Legas ya tarar da wasu mutane da suka dace da buƙatarsa: bayi 'yan Arewa, waɗanda yaƙe-yaƙe suka kama aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu har suka kai bakin teku. Suna son gudu daga iyayengijinsu, da yawa suna son komawa gida, shi kuma yana son 'yan dako da 'yan rakiya masu jin harshen hanya waɗanda ba su da dangi a Legas ko Abekuta da za su goya wa baya. Ya ɗebe su. Iyayengijin ba su so ba, har aka yi ta rigima a kan hanya, mutanen kuwa suka tsaya masa domin in an kama su sun san abin da ke jiransu. Glover bai manta ba. Ingila ta karɓe Legas a 1861, ya samu muƙami a mulkinta, a 1863 kuma ya kafa wata 'yar runduna daga irin waɗannan mutane, wadda aka sani da Hausawan Glover. Rundunar sojan Najeriya ta yau daga nan take ƙirga asalinta, tana cewa da mutum 18 aka fara. Mutanen Legas, da suka ɗanɗana hannunsu, ɓarayi arba'in suke ce musu.

Ya kamata mu tsaya a nan mu tambayi kanmu su wane ne waɗannan mutane. Ba dukkansu Hausawa ba ne a jini. Akwai Nufawa da Barebari da Gwarawa da wasu, duk wanda ya fito Arewa yana jin Hausa, Bature ya rubuta shi Bahaushe. Amma ba daga sama suka faɗo Legas ba. A shekarun nan da Dayspring ke kwance a ruwa, yankinmu na kudancin Kano bakin daga ne. Ningawa na kawo hari su kwashi mutane a gona, rundunar Kano na fita ta ƙone garuruwa ta dawo da nata kamammun, kowane ɓangare na sayarwa. Ganuwar da muke nuna wa yara a matsayin abin alfahari, tsoro ne ya gina ta. Ayarin da ke kai kanwa da rinanniyar tufa Raba yana kai mutane ma. Muna son ba da labarin karofi da Barth ya yaba, ba mu cika son ba da wannan ba, alhali hanya ɗaya suka bi. Wanda aka sayar da shi a kan doki ko buhun wuri, aka raba shi da uwa da garinsu, in wani ya ba shi bindiga da albashi da tabbacin ba mai sake ɗaure shi, da wace hujja za mu ce ya ci amanarmu?

Daga nan abin ya yi ta girma. A 1873 zuwa 1874 Glover ya kai Hausawansa yaƙin Asante, ya bi ta Kogin Volta ya isa Kumasi bayan Wolseley ya riga ya ƙone ta. Turawa suka ɗauka a ransu cewa Bahaushe shi ne sojan da ya dace da Afirka ta Yamma, kowa ya shiga neman nasa: Gwalkwas, Jamusawa a Togo da Kamaru, har Sarkin Beljiyam a Kwango. Kamfanin Royal Niger na George Goldie ya kafa tasa rundunar a 1886, a farkon 1897 kuma ta ci Bida da Ilori. Bidan nan da ta ciyar da mutanen Dayspring shekara arba'in da suka wuce. Da aka ba Lugard aikin kafa rundunar Afirka ta Yamma, Jebba ya mai da hedikwata, a gaban dutsen nan na Ketsa. A Lakwajan Baikie aka ɗaga tutar Ingila ranar 1 ga Janairun 1900, daga Jebba kuma aka fara mulkin Arewa kafin a koma Zungeru a 1902.

A ƙarshen Janairun 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji baƙaƙe sama da 700, da 'yan Turawa hafsoshi, da igwa da bindigogi masu ruwa. Ranar 1 ga Fabrairu suka iso Bebeji, maƙwabciyarmu ta yamma. Mutanen gari suka rufe ƙofa, igwa ta fasa ta, aka kashe mutane. Garuruwan da ke gaba a kan hanya ba su sake gwadawa ba. Ranar 3 ga wata aka shiga Kano, Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Da Hausa aka yi wa sojojin nan umarnin harbi.

Ba mu ce dutse ɗaya a Jebba ne ya kawo mana Nasara ba. Da Dayspring ya wuce lafiya ma, masaƙun Manchester da gasar Ingila da Faransa da bindigar Maxim suna nan, da sun sami wata ƙofar. Tsakanin mutum 18 na Glover da rundunar Morland ma akwai rassa da yawa, ba zare ɗaya ba ne miƙaƙƙe. Abin da muke gani shi ne, siffar da abin ya zo mana da ita, a wancan sansani na bakin kogi aka fara yanka ta. Laird ya yi imani cewa ciniki kaɗai ya isa, jirgi ya zo ya sauke ya ɗauka ya koma, har yana ganin halattaccen ciniki zai kashe cinikin bayi. Shekarar da suka yi a ƙasa ta koya wa na bayansa wani karatu dabam: hanyar Kano ta tudu ce, harshenta Hausa ne, kuma akwai dubban mutanen da ƙasar ta zubar waɗanda za su bi duk wanda ya ɗauke su.

Kasuwar da jirgin ya fito nema kuwa, dogo ne ya kai gare ta. Layin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa sun sa ran auduga, manomanmu suka duba farashi suka shuka gyaɗa. Da farko a Jebba sai an ɗora taragu a kan jirgin fito a ƙetare da su, har aka gama gada a 1916. Tun daga lokacin buhunan gyaɗar da aka auna a kasuwannin ƙasar Rano suka riƙa bi ta kan ruwan nan zuwa Legas, daga can zuwa Liverpool, akawo ya sauko da atamfa da akoko, karofi kuma suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

An tsamo ragowar injin Dayspring da farfelarsa daga kogin aka ajiye su a tashar jirgin ƙasa ta Jebba. 'Yan ƙarafa ne masu tsatsa, ba su fi a loda su a bayan ƙaramar mota ba. 'Yan cirani da 'yan goro da masu rakiyar shanu daga garuruwanmu sun yi shekaru suna sauka a wannan tasha, su yi alwala, su sayi soyayyen kifi, su zauna kusa da su suna jiran jirgi ya yi kuka.